Dutsen Taimamar Kawu

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kawu dai ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin kimiyya a wata sakandare a Gusau. A gidansu na gado da ke Tsafe ya cika, tsakiyar damina, bayan doguwar jinyar da ta kwantar masa da ƙafafu amma ta bar masa hankalinsa garau. Ni 'yar ƙanwarsa ce, aikin nas nake yi, kuma gara in faɗa tun daga nan: ba da sanyin rai na zauna rubuta wannan ba. Baƙin cikin rashi kowa ya san shi. Nawa ya haɗu da ƙyama, kuma ƙyamar ta fi yawa.

A zaman makoki ta fara. Ina cikin gida tare da mata, kusa da Inna matar Kawu, ina miƙa ruwa ina amsa gaisuwa. Wata ta shigo, ta durƙusa, ta karya murya: "Inna, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Malam, Allah shi sa ya huta." Ta matsa kan tabarma. Wallahi ko zama ba ta gama gyarawa ba ta karkata wajen ta kusa da ita.

"Ba shi na ba mai cewa biri ya haihe mu?"

"Shi na. Allah dai shi sa ya tuba kahin cikawa."

"An ce ɗakin can cike yake da ƙasusuwa." Ta nuna ɗakin duwatsun Kawu da leɓe.

Suna faɗi suna gutsurar gumbar sadakarsa. Na dube su, na dubi Inna da ta sunkuyar da kai tana jan carbi kamar ba ta ji ba.

A ƙofar gida ma haka abin yake, in ji masu shigo mana da labari. Tsofaffin ɗalibansa sun zo cikin manyan motoci, an shafa fatiha, sannan aka koma tuna "Malam Biri" ana ƙyaƙyatawa ƙasa-ƙasa. Sunan da suka laƙa masa ke nan tun suna yara, ga shi furfura ta fito musu ba su yar da shi ba. Ban da mu na gida, mutum biyu na ga sun yi kukan gaskiya. Ɗaya wani tsohon manomi ne daga wajen Kucheri, wanda ya roƙa aka shigo da shi ya gai da Inna, ya kasa cewa komai sai "rijiyarmu, rijiyarmu." Ɗayar kuwa Malama ce, Kirista, wadda iyayenta suka zo Gusau aikin gwamnati daga Filato. A hannun Kawu ta yi karatu, yanzu ita ke koyar da ajin da ya bari. Ta yafa mayafi, ta zauna ta riƙe hannun Inna. Matan nan masu cin gumba sai suka janye ƙafafunsu kamar ta shigo da cuta. Tir da wannan hali.

Saboda su nake rubutun nan. In na yi shiru, abin da zai saura na Kawu a bakin mutane shi ne wannan sunan banza. Akwai kuma wani dalili. Abu ɗaya ya roƙa kafin ya cika: duwatsun da ya tara su koma makarantar da ya koyar, yara su taɓa su da hannunsu. Ni ya ɗora wa wannan aiki.

Kawu mutum ne da ba ya tafiya da kai a sama. Wanda bai san shi ba sai ya ce kunya ce ko tawali'u, alhali ƙasa yake karantawa. Aljihun rigarsa kullum a ɓarke, Inna ta ɗinke ta ɗinke har ta gaji ta koma yi masa faci da ƙyallen katifa. In ya tsinci dutse sai ya goge shi a hannun riga, ya lashe shi don ƙwayoyinsa su fito, mu yara mu yi ta ihu, "Kawu, ƙazanta!" Yana da 'yar guduma, da wani ƙaramin gilashi mai ƙara girman abu, da tambaya ɗaya da ba ta barin bakinsa. Ka kawo masa dutse, ya ce, "Ka juya shi?" Ka kawo masa labarin wane ya yi kaza, ya ce, "To, ka juya shi ka ga ɗaya gehen?" Da wannan tambaya ya kashe gulma da yawa a zaurensa, shi ya sa masu gulma ba su cika son zama da shi ba.

Lokacin da hanya take lafiya, kafin a koma tafiya da addu'a a baki, yakan goya ni a babur in na zo hutu. Wata rana muna hanyar Gusau ya tsaya gindin dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu, ya nuna mini wasu faffaɗan ɓallin dutse da suka zamo daga jikinsa suka kwanta a ƙasa.

"Wa ya ɓalle waɗanga?"

Na ce, "Aljanu," don haka na ji ana faɗi.

Ya yi dariya har da tari. "Aljanu na da aikin yi, ɗiyata. Rana ta gasa shi, sanyi ya kama shi, ruwa ya shiga tsaga. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Kin san dutsen niƙan kakarki?"

Na san shi mana, yana jingine bayan ɗaki, cikinsa ya yi rami kamar akushi.

"Shimfiɗe anka sawo shi. Hannun mata ya yi mishi ramin ga, kakarki da uwar mijinta da wadda ta riga su. Su kuwa suna hutawa, suna haihuwa, suna zuwa biki. Ruwa da iska ba su zuwa biki."

Ya ce shi kansa dutsen nan da ya tokare sama, can cikin ƙasa ya daskare daga narkakken dutse, sai da ruwa ya kankare duk abin da ke bisansa sannan ya leƙo. Na tambaye shi shekara nawa ke nan. Ya ce miliyoyi bisa miliyoyi, irin lambar da baki ke iya faɗi amma kai ba ya iya ɗauka. A wani tudu kuma, kusa da tsohuwar 'Yandoto, ya taɓa cika mini tafi da tsakuwa mulmulallu sumul, nesa da kowane rafi. Ya ce ruwa mai gudu ne ke mulmula tsakuwa haka, ke nan gulbi ya taɓa bi ta kan tudun kafin ya sauya hanya. Na zo da su gida muka yi 'yar carafke da su.

Ɗakin nan da aka ce cike yake da ƙasusuwa, ni na sha share shi. Katakai ne a jikin bango, duwatsu jere a kai. Akwai na gida, wasu masu ƙyalƙyali in rana ta faɗa musu ta taga. Amma waɗanda ya fi ji da su daga wajen Sakkwato ya kwaso su, duk hutu, shekara da shekaru: guntun icce da ya zama dutse, har zanen jikinsa yana nan, haƙoran kifi baƙaƙe masu tsini, fararen duwatsu da katantanwar ruwa ta daskare a cikinsu. "Teku ya kwana can," in ji shi. "Inda raƙumi ka tahiya yau, kifi ya yi iyo." Ya ce da yawa cikin halittun nan babu irinsu a duniya yanzu. Wasu sun ƙare, wasu zuri'arsu ta yi ta sauya kama a hankali har suka zama waɗanda muka sani.

Yadda ake sauyawar ma bai kai ni nesa don ya nuna mini ba, bakin rumbu ya kai ni. Manomi yana ware zangarniyar gero mafi kyau ya ajiye iri, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, har geron jika ya bambanta da na kaka. "To ko babu manomi akwai mai zaɓe," in ji Kawu. "Fari shina zaɓe, cuta tana zaɓe, yunwa tana zaɓe. Wanda ya jure shi ka barin ɗiya, ɗiyan su ɗauko jurewar." Sai da na fara aikin asibiti na ga maganar da idona. Maganin zazzaɓin da muka sha muna yara, mai ɗacin nan mai sa ƙaiƙayi, ya zo ya daina aiki. Ba maganin ne ya lalace ba. Ƙwayoyin cutar da yake iya kashewa sun mutu, 'yan tsirarun da suka tsira suka hayayyafa suka cika gari. Haka sauro ya yi da maganin feshi. Da na zo na gaya masa, ya yi ta murna kamar tsaraba na kawo masa.

Zancen biri kuwa daga wani hoto ne a littafin aji. Ɗalibai suka tambaye shi, ya ce musu ba a ce biri ya haifi mutum ba. Masu bincike cewa suka yi jikinmu da nasa sun haɗa tushe mai nisan gaske, kamar yadda duk mai rai ya haɗa dangi da mai rai. Yara suka ɗauki rabin magana suka kai gida, iyaye suka ɗauki rabin rabin suka kai dandali. Ko mutum ɗaya bai tako ya tambaye shi ba. Mutumin da in dai yana da lafiya ba a tayar da salla ba ya sahun gaba! Yakan ce, "Allah ya yi, ban taɓa shakka ba. Ni dai leƙe nika yi in ga yadda ya yi."

Rigimar da ta fi tsaya mini a rai ta wata Babbar Salla ce, tsakaninsa da ƙaninsa, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Ana cikin aikin naman layya Kawu ya ɗauko ƙafar gaban rago da aka sauke wa nama, ya ajiye ta kusa da ƙashin fiffiken kazar da muka ci, ya kamo hannuna ya miƙe shi a gefensu.

"Duba. Ƙashi guda bisa, biyu ƙasa, ko da na rago sun manne. Sannan ƙanana, sannan yatsu. Nashi sun ƙare da kofato, na kaza sun zama fiffike, naki kina rubutu da su. Tsari guda na."

Kawu Ƙarami ya yar da wuƙa. "Yaya, ranar layya ma? Dabbar ibada za ka haɗa da hannun ɗiyar mutane kana karanta muna karatun arna? Duwatsun can naka ma, da ni na da iko, da na kwashe su na zuba masai. Mala'ikun rahama ba su shiga gida da irin tarkacen ga."

Kawu bai ɗaga murya ba. "In haɗa dangi da dabba wulaƙanci na, ai ƙasar da anka yi ka da ita, ita kaka takawa da takalmi kullum. Ɗauki wuƙarka, nama na jiran ka."

Daga ranar Kawu Ƙarami ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi, aka yi shekaru a haka. Ku riƙe mini maganar nan tasa ta masai, za mu dawo kanta.

Shi kuwa tsohon nan na wajen Kucheri, ƙauyensu ne suka yi ta haƙa rijiya suna tarar da dutse, matansu na cin doguwar tafiya da tulu. Wani ya ba su labarin Kawu. Da suka aika masa, ya hau babur ɗinsa da mansa, ya je ya wuni yana zagaye, yana duba inda dutse ya tsage da inda itatuwa suka ƙi bushewa da rani. Ya dangwala sanda ya ce a haƙa nan, don inda dutse ya tsage ya ruɓe nan ruwa ke kwana. Aka haƙa aka sami ruwa, har yau ba ta ƙafe ba. Suka kama masa kaji ya ƙi karɓa, sai dutse ɗaya daga gindin rijiyar ya jefa aljihu. Amma a ƙauyen nan dai akwai masu cewa aljanunsa ne suka nuna masa wurin. Suna shan ruwan suna faɗi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka yi gyambo, motsi ya gagara, alwala da ruwa ta zama wahala, sai ya koma taimama. Ya sa Inna ta ɗauko masa wani farin dutse mai faɗi daga ɗakin, wanda da ma shi yake tafiya da shi a jaka tun zamanin yawonsa. Zan ba Kawu Ƙarami haƙƙinsa a nan: da ciwon ya yi tsanani ya sauko, kullum yana gidan, shi ke ɗaukar dutsen ya sa shi ƙarƙashin tafin yayansa in lokacin salla ya yi. Na ga wannan da idona, kuma na ji daɗinsa.

Wata la'asar ina canza masa bandeji, Inna na zaune bakin gado, ya ce, "Ɗiyata, duwatsun nan. Ɗiyana ba su san su ba, ban kuma ga laihinsu ba, kowa da abin da ya dame shi. Ki kai su makaranta, wurin Malama. Kada a kulle su. A ba yara su taɓa, su lasa in sun so."

Na ce, "To, Kawu." Inna ta ce ta ji. Bai ƙara tayar da maganar ba, don shi in ya ba ka amana ba ya bin ka da tuni.

Bayan sadakar uku na sami babban ɗan Kawu, abokin wasana, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na gaya masa wasiyyar. Ya ce ba komai, amma sai an ji ta bakin ƙanin babansu. Kawu Ƙarami ya gyara zama a zaure, ya ce kayan mamaci ko allura ba a taɓawa sai an raba gado, ni kuwa 'yar mace ce, ko tsinke ba ni da shi a gidan. Na ce ai wasiyya tana gaban gado. Ya ce wasiyyar da mata biyu kaɗai suka ji sai an duba ta. Kafin la'asar ya sa an sawo sabon kwaɗo an maƙala a ƙofar ɗakin, ya jefa makulli aljihu. Na tsaya ina kallon kwaɗon nan ina mamaki, yau tarkacen masai ne ya sami mai gadi.

Ashe tun a zaman makoki aka shuka abin. Wani mai harkar dutsen zinari, cikin masu zuwa gaisuwa, ya leƙa ta taga ya ga ƙyalƙyali. Ya ja Kawu Ƙarami da 'ya'yan Kawu gefe ya ce: mutum mai ilimin ƙasa, mai guduma da gilashi irin na masu neman zinari, ya ƙare rayuwarsa yana tara dutse a ɗaki, kun ɗauka a banza ne? Shi ke nan. A jihar nan yanzu in dutse ya yi ƙyalli hankalin mutane tashi yake yi, ko a gidan mutuwa ne. Ni ban san an yi wannan ba, na koma bakin aikina a Gusau da niyyar in jira su gama dubawarsu. Na gaya wa Malama, ta yi murna, ta ce za ta kwashe kayan wani babban kabad a ɗakin gwaje-gwaje ta wanke shi tas.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki shatar a-kori-kura, na tara kwalaye da tsofaffin zannuwa na naɗe duwatsu, na nufi Tsafe. Na tarar da ɗakin a buɗe, babu kwaɗo. Katakan nan wayam. Sai zoben ƙura a inda kowane dutse ya zauna, manya da ƙanana, har ina iya gane wurin iccen nan da wurin haƙoran kifi.

Abokin wasana ya kasa haɗa ido da ni. Da ƙyar, yana sosa ƙeya, ya faɗa mini. Sun ɗure su duka a buhuna, sun kai wani injin niƙan dutsen zinari can wajen Bungudu. Duka, a haɗe: iccen, haƙoran, katantanwar, har da dutsen gindin rijiya. Shi kansa mai injin ya ce musu fararen nan ba irin na zinari ba ne, suka ce so yake ya cuce su ya riƙe masu kyan, a niƙe duka. Aka niƙe. Aka wanke garin a daro, aka sake wankewa. Ko ƙwayar gero ba su gani ba. Abin da ruwa da rana suka yi miliyoyin shekaru suna ajiyewa, inji ya gama da shi kafin azahar.

Na je zaure na tsaya a kan Kawu Ƙarami, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

"Kawu, ina duwatsun?"

Ko gezau. "Haƙƙin magada munka duba. Da akwai wani abu ciki, da marayu sun amfana."

Marayu! Ƙarti masu gemu da 'ya'ya.

Ya ci gaba, "Ai ga shi an gani, babu komi cikinsu. Yaya dai ya ɓata ƙuruciyarshi wurin tara tsakuwa, Allah shi gafarta mishi."

Babu komai a cikinsu. Wannan kalma ita ta fi niƙan yi mini ciwo. Na ce, "Kawu, da masai kuka zuba su kamar yadda ka ce tun farko, wallahi da na fi ganin mutuncinku. Da sai in ce imani ne ya sa ku." Ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji. Na tambaye su ina garin, don ni nas ce, na ga yaran da gubar dalma ta lalata saboda niƙan dutse, kuma Kawu ya sha hana mutane shigo da irin garin nan gida. Suka ce sun dawo da shi a buhu ko za a sake gwadawa, da suka fid da rai sai suka cike ramin ƙofar gida da shi, inda ruwan damina ke kwanciya. Na leƙa waje. Ga shi nan fari-fari a cikin taɓo, ga sawun takalmina a kai, na taka shi da zan shigo ban sani ba.

Inna ce ta aiko a kira ni. Tana ɗakinta cikin takaba, ta rame, tana zaune kan darduma. Ta ce in saki labule. Ta ɗaga gefen dardumar ta jawo farin dutsen nan mai faɗi.

"Har nan sunka biyo suna tambaya ko akwai saura," in ji ta. "Na ce sai wanga, na taimama. Ƙanin nashi ya ce a bar shi, wanga na ibada na." Sai ta yi 'yar dariya, ta farko da na ji daga bakinta tun rasuwar. "Juya shi."

Na juya. Katantanwa ce cikakkiya, a naɗe, kowane layi nata ya fito raɗau, kwance cikin dutse tun zamanin da teku ke kwana a ƙasar Sakkwato. Kawu Ƙarami ya riƙe dutsen nan a hannunsa kullum, yana sa wa yayansa, bai taɓa juya shi ba. Ɗaya gefen kuwa ya yi duhu ya yi santsi, wurin da tafin Kawu ke sauka in zai yi salla. Na rungume shi na yi kukan da na kasa yi a zaman makoki. Inna ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ce, "Tashi ki kai musu, kada rana ta yi."

Na sallami mai a-kori-kura da kwalayensa, na sa dutsen a jakar hannu. Malama na jira na a bakin ƙofar makaranta, tana leƙen bayana.

"Ina motar?"

Na ce babu mota. Ta kai ni ɗakin gwaje-gwaje, ta buɗe kabad ɗin. Ta wanke shi, ta shimfiɗa farar takarda a kowane hawa, har ƙamshin sabulu yake yi. Na buɗe jaka na miƙa mata, na gaya mata abin da ya faru. Ta daɗe tana kallon katantanwar, sannan ta juya ta ga duhun, ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce nan yake sa hannu in zai yi salla. Ta dubi kabad, ta dubi dutse.

"To wane gefe zan juya sama?"

Na ce, "Kada ki ajiye shi. Ki sa musu a hannu, su da kansu za su juya."

Ta rufe kabad ɗin yadda yake, fanko, ta nufi aji da dutsen a tafinta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa makwanci, ya sa ruwan rijiyar nan ya yi masa shaida, ya nuna masa a can sauran abin da ya ƙare rayuwarsa yana leƙe. Allah ya ba Inna haƙuri. Mu da muka rage kuma Allah ya shirye mu. Ina zuwa gai da Inna har yanzu, ba zan daina ba. Ni da abokin wasana muna gaisawa, amma wasa ya ƙare. Ruwan ƙarshen damina ya wanke farin nan na ƙofar gida, kowa yana bi ta kai, masu babur da masu talla da shi kansa Kawu Ƙarami in za shi masallaci. Ni dai in na zo wurin, tattare zanena nake yi in tsallake.